Porsche 959: motar da rairayin Tenere ya yi wa shaida

Masu karatunmu da suka yi wayo a shekarun 1980 ba su manta da watan Janairu ba, lokacin da motocin tseren Paris-Dakar kan keto hamada su bi ta ƙasar Nijar, ƙura na bin bayansu. A cikin dukkan motocin da suka bi wannan hanya, akwai guda wadda har gobe masu sha'awar mota ba su gaji da zancenta ba, wato Porsche 959 ta ƙasar Jamus.

A ido, ba ta yi kama da motar daji ba. Gajeruwa ce, mai ƙofa biyu, injinta a baya yake kamar na ƴar'uwarta 911. An fara nuna samfurinta a kasuwar baje kolin motoci ta Frankfurt a 1983. Injin bai kai lita uku ba, amma yana ba da ƙarfin doki 450. Daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 3.7, iyakar gudunta kuwa kilomita 317 ne a awa. Da wuya a sami motar titi da ta kamo ƙafarta a lokacin, sai da Ferrari ta fito da F40 a 1987.

A ganinmu, ba gudun ne abin mamaki ba. Motoci masu ƙarfi na wancan zamani sun yi kama da ingarma marar linzami: direba ya taka, ƙarfin ya zo masa gaba ɗaya a ƙafafun baya, motar ta juya da shi. Injiniyoyin Porsche, ƙarƙashin jagorancin Helmuth Bott, sun sa wa injin turbo biyu masu aiki bi da bi. Na farko yana hura iska tun inji na tafiya a hankali, na biyu ba ya shigowa sai gudu ya yi nisa, don haka ƙarfin yake hauhawa sannu a hankali. Sannan suka raba shi ga ƙafafu huɗu, suka ɗora kwamfuta a kan rabon. Idan an taka da ƙarfi, kashi 80 cikin ɗari kan koma baya. Idan ƙasa na santsi, sai a raba daidai. Yau ana samun irin wannan a motocin gida, amma a wancan lokaci baƙon abu ne.

Gani ya kori ji, shi ya sa aka kawo ta hamada. Zuwan farko, a 1985, bai yi daɗi ba: motoci uku suka shiga, babu wadda ta ga Dakar. Da shekara ta zagayo aka dawo da shiri. An ɗaga motar daga ƙasa, an sa mata tanki mai cin fiye da lita 300, an kuma rage ƙarfin injin zuwa kimanin doki 400 don ya jure wa isansin da ake samu a hanya. Ta bi ta Agadas da Tenere da Yamai. Bafaranshe René Metge ya zo na ɗaya, Jacky Ickx na Beljiyam na biyu, ta ukun, wadda aka sa ta rako su, ta zo ta shida.

Nasarar ta zo cikin makoki. Ranar 14 ga Janairun 1986 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a Mali da Thierry Sabine, wanda ya kafa tseren, da mawaƙi Daniel Balavoine da wasu mutum uku. Ba kuma baƙi kaɗai wannan tsere ya ci ba. A tsawon shekarunsa a Afirka ya kaɗe mutanen ƙauyuka, har da yara, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Tun 2009 ya bar nahiyar, daga 2020 kuma a Saudiyya ake yin sa.

Motar titin kuwa, kimanin 300 kawai aka ƙera, kowace a kan mak 420,000 na Jamus, kuma duk da wannan tsada kamfanin faɗuwa ya yi a kanta. Attajiri Bill Gates ya sayi guda, jami'an duwan na Amurka suka riƙe ta shekara 13, domin Porsche ta ƙi ba da motocin da za a farfasa a gwajin haɗari. Sai da aka yi sabuwar doka a 1999 kafin hanya ta buɗe masa ya hau abarsa.