Kwamfutocin Fagge da Sabon Gari: Wa Zai Yi wa Bangon Faci?

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa manhajar Windows 10. Wannan labari ya shafi shagunan buga takardu, ɗakunan intanet da ofisoshin 'yan kasuwa tun daga Kantin Kwari har zuwa Titin Faransa a Sabon Gari, inda kwamfutoci na hannu suka yawaita. Da yawansu sun tsufa, ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba.

Kowace manhaja tana da kafofin da masu ƙirarta ba su gani ba. Idan aka gano kafa, kamfani yakan aiko da gyara, wato facin tsaro. Microsoft na fitar da nasa ne a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Sai dai a wurinmu, mai gyara kan kashe hanyar sabuntawa tun kafin ya miƙa na'ura ga mai ita, ko don tsimin data, ko don manhajar jabu ce. Dalilin tsimin ba abin rainawa ba ne, ganin hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A watan Mayun 2017, cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urori fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Alhali Microsoft ya fitar da facin wannan kafa tun watan Maris. Waɗanda suka ɗora shi sun tsira.

Faci ma yakan zo da matsala. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gyara mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5. Don haka sabuntawa na buƙatar tsari: a adana muhimman bayanai a wani wuri daban, a gwada facin a kan na'ura ɗaya, sannan a ɗora wa sauran.

A kwamfutar shago ake shigar da lambar NIN ta ɗalibi, a cikinta ake ajiye lissafin bashin ɗan kasuwa. Wannan amana ce a wuyan mai shago. Ya kamata ƙungiyoyin masu gyara da na 'yan kasuwa su ware rana ɗaya a wata domin sabuntawa, na'urar da ta tsufa kuma a ɗora mata Linux, wadda kyauta ce kuma tana samun faci. Hukumar NITDA ita ma ta kawo wayar da kai cikin kasuwa da harshen Hausa. Mai karɓar bayanan jama'a a na'urar da ba a yi wa faci, da sirrinsu yake wasa.