Ƙara Wa Kwamfuta Gudu: Hattara Da Ƙarfin Wuta A Zafin Keffi

Tun lokacin da Jami'ar Jihar Nasarawa ta zauna a Keffi a farkon shekarun 2000, shagunan buga takardu da na gyaran kwamfuta suka yawaita a garin. Galibin injunan kuwa tsofaffi ne, saboda haka ba abin mamaki ba ne mai injin ya yi sha'awar wata dabara da ake yi a ƙasashen waje, watau tilasta wa ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur ta yi gudu fiye da yadda maƙera suka ƙayyade mata.

Gudun ba ya samuwa a banza. Ƙwaƙwalwar tana aiki ne da 'yar wuta kaɗan, wajen bolt 1.2 zuwa 1.4, alhali wutar da ke shigowa daga bango bolt 230 ce. In aka ƙara gudu sai ta fara tuntuɓe, sai an ƙara mata wuta kafin ta daidaita. To, a nan haɗarin yake, domin zafi yana hauhawa fiye da yadda wutar ke hauhawa: ƙarin kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin wuta yakan jawo ƙarin zafi na wajen kashi 21, tun ma ba a lissafa na gudun ba. Kuma ɓarnar ba lalle ta bayyana nan take ba, a hankali take cin ƙananan hanyoyin da ke ciki, har wata rana injin ya riƙa mutuwa a gudun da ya saba.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana. A 1 ga jerin misalai akwai na watan Afrilu 2023, sa'ad da waɗansu ƙwaƙwalen Ryzen 7000 suka ƙone, kamfanin AMD ya ƙayyade wutar wani sashe nasu a bolt 1.3. A 2024 kuma Intel ya amsa cewa yawan wuta ne ke lalata waɗansu ƙwaƙwalensa na zubi na 13 da na 14, ya fitar da gyara mai hana su neman fiye da bolt 1.55, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti.

Masu sanin aikin ba su yin gaggawa. A shafin BIOS akan ƙara bolt 0.01 kacal, a tayar da injin, a ɗora masa aiki mai nauyi da manhaja irin Prime95 na awa guda ko fiye, ana duban zafi da HWiNFO. Da ya haura digiri 85 sai a koma baya. In ya ƙi tashi sam, akan cire ɗan batirin da ke jikin babban allo na 'yan mintoci, komai ya koma yadda yake.

Sai dai wanda ya kwafo lambobi daga mutumin Jamus ya manta cewa ɗakin wancan sanyi gare shi. Gwajin da ya yi kyau a Keffi cikin Disamba yana iya kāsawa a Maris, lokacin da zafi ya tsananta, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fanka. Ga kuma wutar da har yanzu jama'a ke kira ta NEPA, ko da yake kamfanin AEDC ya karɓi rarrabawa a yankin tun 2013: hawa da saukarta, da sauyawa zuwa janareta, sukan gajiyar da akwatin wuta mai arha. Mai shagon da abincinsa ke jikin inji ɗaya, gara ya fara sayen na'urar daidaita wuta, ya share fanka, ya sake man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da abin sanyaya ta, kafin ya taɓa lamba ko ɗaya.