Kamfani Ya Ba Da Magani, Saura Namu Aikin

A duk ƙauyen da muka kai ziyara, akwai tambayar da ba ta wuce mu: wannan ƙwayar Mectizan da ake rabawa kyauta, wa yake biyan kuɗinta, kuma me yake nema a wurinmu? Tambaya ce mai kyau, bari mu amsa ta.

Dattawanmu da ke zaune a bakin kogi sun san cutar da ke farawa da ƙaiƙayi da kumburi a jiki, daga baya ta makantar da mutum. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu shi ne yake ɗauko 'ya'yan tsutsa daga jikin mai cutar ya sa wa mai lafiya. Saboda ita, iyalai da yawa sun bar gonaki masu albarka a fadama.

A 1987 kamfanin Merck na Amurka, wanda yake yin maganin, ya ga cewa masu bukatarsa talakawa ne da ba za su iya saya ba. Sai ya yi alkawarin bayarwa kyauta, gwargwadon bukata, har ranar da cutar za ta ƙare. A 1998 kamfanin da aka sani yanzu da GSK ya bi sawu da maganin albendazole, wanda ake haɗawa da Mectizan domin yaƙi da tundurmi. Gaskiya ne kamfanoni suna samun suna mai kyau ta wannan hanya. Ba mu kuma manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Saboda haka muna da 'yancin tambaya a kan kowane magani. Amma wannan ba gwaji ba ne, miliyoyin mutane sun sha shi shekara da shekaru.

Ga yadda aka raba aikin. Kamfani yana kawo maganin ƙasa. Ma'aikatar lafiya da ƙungiyoyi irin su Cibiyar Carter, Sightsavers da CBM suna kai shi ƙananan hukumomi. Ƙauye kuwa shi ke zaɓen masu rabawa, su auna tsayin mutum da sanda, su rubuta suna. Maganin yana kashe 'ya'yan tsutsar ne, iyayen kuwa suna iya rayuwa shekara 10 zuwa 15 a jiki. Shi ya sa dole a sha kowace shekara, ko da ƙaiƙayin ya tafi. Wanda ya daina, ya bar wa ƙuda wurin ɗaukar cuta ya kai wa maƙwabcinsa.

Haƙuri ya yi amfani. A 2018 aka daina rabon a jihohin Filato da Nasarawa domin yaɗuwar cutar ta tsaya. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da ita, ƙasa ta farko a Afirka.

Inda ake rabawa har yanzu, muna roƙon fastoci su sanar da ranar a sujadar Lahadi. Zumuntar mata su tunatar cewa ba a ba mai ciki, ko mai tsananin ciwo, ko yaron da bai kai santimita 90 ba. 'Yan kasuwarmu ma suna da rabo: mai mota ko babur ya taimaka da ɗauko kaya, mai kemis kada ya karɓi maganin kyauta ya sayar. Masu rabawa ba su da albashi, mu taya su noma a lokacin da suke zagaya gidaje.

Nehemiya ya sami katako daga wurin sarki, amma mutanen Urushalima ne suka gina garu da hannunsu. Ubangiji ya ba mu irin wannan zuciya. Amin.