Gombe Sabon Gari Ne, Tsohon Yana Bakin Gongola

In Salla ta matso, tashoshin mota na Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal sukan cika da mutanen Gombe masu haramar gida. Amma galibinsu in sun isa, daga zauren gidansu sai gidan surukai, sai gaisuwar mutuwar da aka yi ba sa nan. Kafin su farga hutu ya ƙare. Yaran da aka haifa a kudu kuwa sai su komo ba su ga komai na garin ubansu ba ban da tasha.

Abin da ya kamata yaro ya fara ji shi ne Gomben da ya gani ba ita ce ta farko ba. Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya karɓo tuta, a bakin kogin Gongola ya kafa garinsa, watau Gombe Abba. Bayan zuwan Turawa aka mai da hedkwata Nafada a 1913, sa'an nan a 1919 aka sake ɗauko ta zuwa Doma, inda ya fi kusa da ƙasar Tangale da Waja. Shi ya sa har yau tsofaffi kan ce Gombe Doma. Ashe ke nan garin bai daɗe da cika shekara ɗari ba.

A cikin gari, wurin farawa shi ne ƙofar fada, ga babban masallacin Jumma'a nan kusa. Wanda ya dace da hawan Salla zai ga mai martaba Sarkin Gombe Alhaji Abubakar Shehu Abubakar, wanda ya hau gadon mahaifinsa a 2014, da hakimai bisa dawaki. Daga nan sai a bi ta tsofaffin unguwanni, su Jekadafari da Bolari da Herwagana, a leƙa Tudun Hatsi inda manyan motoci ke lodin masara da wake. Ba mamaki wani buhun waken da ake saukewa a kasuwar Mile 12 ta Legas daga nan ya taso.

Tashar jirgin ƙasa ma abar zuwa ce, ko da yake an daɗe ba a ji kukan jirgi ba. A 1963 dogo ya iso Gombe, kafin ya kai Maiduguri a 1964. Shi da auduga su suka raya garin, kuma ta wannan tasha kakannin wasu yaran suka fara gangarawa kudu da ɗan akwatinsu. Sauran abubuwa duk na baya-bayan nan ne, tun daga ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka cire Jihar Gombe daga Bauchi: jami'ar jiha ta Tudun Wada da aka kafa a 2004, filin wasa na Pantami, da gidajen da suka malala har Tumfure.

Wajen wuraren shan iska, gaskiya garin yana da saura. Gini ya ci filaye, zaizayar ƙasa kuma ta tsaga unguwanni da kwaruruka masu zurfi, shi ya sa gwamnati ta shiga dashen itatuwa tun 2019. Mai neman inuwa da ruwa sai ya kama hanyar Biu. Zai wuce Kwadon, garin 'yan lambu mai albasa da tumatir, ga dajin Kanawa a wannan yanki, sa'an nan ya kai Dadin Kowa, kimanin kilomita 37 daga gari, inda aka datse Gongola. Ruwa ne iya ganin ido, ga masunta da kifi ɗanye. Yaron da ke tsammanin arewa duk ƙura ce, a nan zai yi shiru.

Tsofaffin garuruwan sun fi nisa, kowanne sai an ba shi yini. Gombe Abba tana gaba da Dukku. A can kabarin Buba Yero yake, wanda ya rasu a 1841. Baƙo zai yi mamakin ƙanƙantar wurin, domin da sarauta ta tashi kasuwa ma binta ta yi.

Ta hanyar Bajoga kuwa, wajen Ashaka mai kamfanin siminti, akwai kufan Burmi. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi hijira gabas, jama'a suna ta binsa, manoma da malamai da 'ya'yan sarauta. A Burmi rundunar Turawa ta cim musu. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka gwabza, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci Turawa a nan ya mutu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yake amsa sunan Mai Wurno har yanzu, jikokinsu suna jin Hausa da Fulatanci. Mai zaman baƙunci a kudu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Wanda zai je Burmi gara ya yi sammako daga Gombe, ya riƙe ruwan sha, in ya kai Bajoga ya nemi ɗan gari ya raka shi, sa'an nan ya fara gaida mai unguwa kafin ya nufi kabarin.