Dala 100,000 Ga 'Yar Ƙwallo, Nas Kuwa Fa?

Ranar 26 ga Yuli, 2025, 'yan matanmu na Super Falcons suka doke Maroko da ci 3 da 2 a Rabat, suka ɗauko kofin Afirka karo na 10. Mu ma mun sha murna, har da guɗa. Da suka dawo, Shugaba Tinubu ya sanar da kyautar dala 100,000 da gida ga kowace 'yar wasa.

Kwana 2 bayan wannan, nas-nas da ungozomomi suka shiga yajin aiki a kan alawus da ƙarancin ma'aikata.

Ba hassada muke yi ba, 'yan'uwa. Yaran sun yi gumi, shekarun ƙwallo kuma ba su da yawa. Amma mai sharar asibiti da ke karɓar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000, sai ya yi sama da shekara 150 yana aiki kafin ya ga wannan kuɗi.

Kafin mu ɗora wa gwamnati laifi, bari dattawan ikkilisiya su buɗe littafin albashin asibitocinmu da makarantunmu. A wasu wurare malama takan kai tsakiyar wata tana jiran albashin watan jiya, ana ce mata aikin Ubangiji ne, ta yi haƙuri.