Aikin Sa-kai: Yadda Ƙungiyoyi Ke Riƙe Mutanensu A Yanzu

'Yan'uwa fatake da dillalai, babu ƙungiyar da ke tafiya ba tare da 'yan sa-kai ba, wato mutanen da ke ba da lokacinsu da ƙarfinsu ba don albashi ba. A kowace kara akwai su: mai rubuta shanun da suka shigo, mai raka baƙo wurin malamin dabbobi, mai tashi tsakar dare in tirela ta lalace a hanya. Abin da muka saba shi ne a yi shela, wanda ya fito a ce masa Allah ya ba da lada. Bayan wata biyu a neme shi a rasa, sai a hau zarginsa da lalaci. To, manyan ƙungiyoyin agaji sun gano cewa galibi laifin na rashin tsari ne, shi ya sa suka sake salo.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne yaƙi da cutar bushiya. Duk wanda ya yi wayo a 1983 bai manta ɓarnar da ta yi wa garkuna a Nijeriya da maƙwabtanta ba. Ɗaya daga cikin wuraren da ta fi wuyar kashewa shi ne Kudancin Sudan, saboda ana yaƙi, motar likita ba ta shiga, allurar rigakafin kuma ba ta jure zafi sai cikin ƙanƙara. Da masana a Jami'ar Tufts ta Amurka suka samar da allurar da ke iya yin wata guda ba ƙanƙara, sai hukumar UNICEF da ƙungiyoyin agaji suka koma ga makiyaya su kansu a 1993. Dattawan kowace ruga su ne ke zaɓen wanda suka yarda da shi, a koya masa aikin cikin 'yan kwanaki, ya ɗauki allura ya bi garke a ƙafa. Nan da nan shanun da ake yi wa rigakafi suka haura miliyan ɗaya a shekara. A 2011 aka ba da sanarwar cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Daga irin wannan aiki ne aka tsamo hanyoyin da ake bi yanzu. Ta farko, jama'a ke zaɓen ɗan sa-kai, shugaba ba ya naɗa ɗan ɗakinsa. Wanda mutane suka zaɓa yana jin kunyarsu, su ma suna jin maganarsa. Ta biyu, a fayyace masa aikinsa a rubuce: ga abin da zai yi, ga ranakun, ga inda hurumin nasa ya tsaya. Ta uku, koyarwa sau ɗaya ba ta wadatarwa. Akan sake tara su lokaci-lokaci, kuma akwai masani a samansu da ke duba aikin. Can Sudan ma, likitocin dabbobi ne ke sa musu ido.

Ta huɗu ita ce mai jawo gardama, wato maganar kuɗi. Wasu na cewa in an ba shi wani abu ladansa ya tafi. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutumin da ya bar cinikinsa ran kasuwa, ya zuba mai a babur daga aljihunsa, ba zai daɗe ba komai niyyarsa. Shi ya sa ƙungiyoyi ke mayar da kuɗin mota da na abinci da katin waya, wasu kuma na yi wa mutanensu inshora ko da hatsari ya same su a bakin aiki. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa biyan ma'aikatan lafiya na ƙauyuka gwargwadon wahalarsu, a kuma rubuta yarjejeniya da su. Ke nan in aiki ya zama na kullum, ya wuce sa-kai, sai a biya.

Wayar hannu ma ta sauya abubuwa. Matasan yanzu ba su cika son ɗaukar muƙamin shekara da shekaru ba, sun fi son ƙaramin aiki mai farko da ƙarshe. Don haka ake yanka aikin gunduwa-gunduwa, a raba ta WhatsApp: wannan ya aiko da farashin kasuwar yau, wancan ya sanar in an ga ciwon huhu a wata mashaya. Sai dai dole a sami mutum ɗaya mai tantance labari kafin a yaɗa, domin jita-jitar cuta ko ta rufe iyaka na iya karya farashi a yini guda.

Shawararmu ga rassa ita ce kowanne ya buɗe littafi na sunayen 'yan sa-kansa da aikin kowa, ya naɗa mutum ɗaya mai kula da su, ya ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don ɗawainiyarsu. Ranar 5 ga Disamba Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin 'yan sa-kai. Ba laifi ba ne mu tara namu ran nan, a kira sunan kowa a gaban jama'a a gode masa.