Karatun Kiwon Lafiyar Al'umma a Lokacin Bala'i: Mene Ne Shi, Kuma Ta Ina 'Ya'yanku Za Su Shiga?

Sau da yawa kukan ga ma'aikata suna yawo da takarda, suna ƙirga masai, suna auna ruwan famfo, suna zagaya hannun yaro da wani ɗan tef mai launi uku. Wasu matasa sun tambaye mu wane karatu ake yi kafin a kai ga wannan aiki. Sunansa karatun kiwon lafiyar al'umma a lokacin bala'i da ayyukan jinƙai, kuma ana yin sa a matakin digiri na biyu. Ga bayaninsa.

Bambancinsa da aikin likita

Likita yana duba mara lafiya ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa masanin lafiyar al'umma, sansanin gaba ɗaya yake dubawa. Idan yara goma suka zo asibiti da gudawa rana ɗaya, likita zai ba su magani. Masanin lafiyar al'umma zai tambaya daga wace unguwa suka fito, a wane famfo suke ɗiban ruwa, me suka ci, don kada gobe a wayi gari sun zama ɗari.

An koyi darasin wannan fanni da tsada. A watan Yulin 1994, dubban ɗaruruwan mutanen Ruwanda suka tsallaka iyaka zuwa garin Goma, a ƙasar da ake kira Zayar a lokacin, wato Kwango ta yanzu. Babu isasshen ruwa mai tsabta, babu masai, jama'a suka dinga shan ruwan tafkin Kivu. Cikin wata guda kusan mutum 50,000 suka rasu, yawancinsu saboda kwalara da atuni. Bayan haka ne, a 1997, ƙungiyoyin agaji tare da Red Cross suka kafa tsarin Sphere, wanda ya fayyace mafi ƙarancin abin da ya wajaba a tanadar wa mutanen da bala'i ya raba da gidajensu.

Abin da ake koya

Ƙa'idojin Sphere suna cikin abin da ɗalibi yake fara sani. Kowane mutum yana buƙatar aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, don sha da girki da tsabta. Gida mai mutum shida ke nan yana buƙatar lita 90, wato jarka huɗu da rabi ta mai lita 20. Bai kamata famfo ya yi nisan fiye da mita 500 daga gida ba. Masai ɗaya bai kamata ya wuce na mutum 20 ba, kuma a haƙa shi nesa da rijiya da aƙalla mita 30. Saboda haka duk inda aka tsugunar da mutum 10,000, ana bukatar lita 150,000 kullum da masai 500. Ba kullum ake cimma wannan ba, musamman idan kuɗin agaji ya ragu, amma da shi ake gane girman giɓin, da shi kuma ake neman a cike.

Ana koyon bin diddigin cututtuka. Shi ya sa muke roƙon ku sanar da haihuwa da rasuwa, ko da a gida suka faru. Idan ana rasa fiye da mutum ɗaya a cikin kowane 10,000 a kowace rana, masana kan ɗauka cewa an shiga halin gaggawa. Rasuwar da ba a rubuta ba tana iya ɓoye annoba har ta yi ƙarfi.

Ana koyon sha'anin abinci da tamowa. Tef ɗin nan da ake sa wa yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 a damtse, idan ya nuna ƙasa da santimita 11 da rabi, wato ja, yaron yana cikin tamowa mai tsanani, kuma a ranar ya kamata a kai shi asibiti. Ana kuma koyon shirya allurar rigakafin ƙyanda da zarar jama'a sun taru wuri guda, domin cunkoso ne yake yaɗa ta. Sauran darussan sun haɗa da lafiyar mata masu ciki, kula da waɗanda tashin hankali ya taɓa tunaninsu, jigilar magani da ajiye shi cikin sanyi, lissafin kuɗi, da dokokin da suka kare ɗan gudun hijira.

Inda ake karatun

Jami'ar Makerere da ke Kampala, a Yuganda, tana da digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma da tafiyar da al'amuran bala'i. A Najeriya, hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta tallafa wa cibiyoyin nazarin bala'i a jami'o'i shida, ciki har da Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A Ingila akwai makarantun nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi na Landan da Libaful, kuma ta Landan tana koyarwa ta intanet. A Dakar ta Senegal, cibiyar Bioforce tana horar da ma'aikatan jinƙai da Faransanci. Karatun kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu.

Hanyar zuwa can

Ba a shiga digiri na biyu sai da na farko, na farkon kuma sai da takardar kammala sakandare. Ba lallai sai likita ba. Ana karɓar waɗanda suka karanci aikin jinya, ungozoma, kimiyyar abinci, tsabtar muhalli, lissafi ko nazarin zamantakewa. Jami'o'i da yawa suna son ganin mutum ya taɓa yin aiki, don haka aikin sa-kai a asibitin sansani ko kwamitin ruwa yana da amfani. Wanda ya yi, ya nemi a ba shi takardar shaida.

Game da kuɗi, akwai tallafin karatu na DAFI, wanda UNHCR take gudanarwa tun 1992, gwamnatin Jamus kuma ita ce babbar mai ɗaukar nauyinsa. Yawanci na digirin farko ne, ana ba ɗan gudun hijirar da yake da rajista, ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ba shi kuma da halin biya. Guraben kaɗan ne, masu nema suna da yawa, ba mu yi wa kowa alkawari ba. Burin UNHCR shi ne nan da 2030 kashi 15 cikin 100 na matasa 'yan gudun hijira su sami shiga manyan makarantu.

Roƙonmu ga iyaye

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ya tashi yana bin layin ruwa ya san dalilin da ya sa mata ke tsoron zuwa masai da dare, ya san kuma yadda za a yi wa dattijo maganar allura ya saurara. Ana buƙatar irinsu, musamman mata, domin akwai abin da mace ba ta faɗa wa namiji. Ku bar yara su gama sakandare, kada talla ko aure da wuri ya katse su. Ku adana takardun makaranta cikin leda, ku ɗauki hotonsu a waya. Wanda takardunsa suka salwanta wajen gudu ya zo ofishin ilimi tun yanzu, kada ya jira sai an buɗe neman tallafi.

Duk ayyukan UNHCR kyauta ne. Wanda ya nemi kuɗi a hannunku don ba ku fom ko sanya sunan ɗanku, ɗan damfara ne. Ku kai ƙararsa ofishin kariya ko ku saka a akwatin koke. Allah ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya.